An kashe mini jijiyar turmi, bayan shekara huɗu an ce saiwar ta tsage

Maman Sadiya, Tudun Wada Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga likitocin haƙori ce da ke cikin wannan zaure, kuma a yi haƙuri da tsawon bayanin. Shekara huɗu da suka wuce haƙorina na turmi, na ƙasa ɓangaren hagu, ya hana ni barci kusan mako biyu. Na je wani asibitin haƙori da niyyar a cire shi in huta. Likitan ya duba ya ce bai kai cirewa ba, a kashe jijiyar a cike shi, abin nan da suke kira rut-kanal. Sau uku na koma kafin a gama. Ciwo ya tafi ɗungurungum. Ya ce in dawo a sa masa hula, wato murfin da ake kifa wa kan haƙorin, amma kuɗin hular ya zo mini daidai da lokacin biyan kuɗin makarantar yara, sai na ce bari in ɗan jinkirta. Jinkirin nan shi ne har yau.

To tun bayan babbar salla wani ɗan ƙurji ya fito mini a dasashi, dab da wuyan haƙorin, ta wajen kunci. Ya kumbura, ya fashe, ya fitar da ruwa mai ɗan wari, ya lafa kwana biyu, ya sake dawowa. Ba wani ciwon a zo a gani, sai dai in na tauna abu in ji wurin ya yi mini nauyi. Na sha maganin kemis har kashi biyu, bai hana shi dawowa ba. Jiya na je wurin wata likita daban. Ta ɗauki wani siririn ƙarfe tana zagaya haƙorin da shi, ko'ina yana tsayawa, sai wuri ɗaya kawai ya nutse zuruf. Ta ɗauki hoto, ta ce alamu sun nuna saiwar ta tsage a tsaye, kuma sai dai a cire.

Abin da nake son sani: aikin da aka yi mini ne ya tsaga saiwar? Kuma da gaske babu yadda za a liƙe ta?

Ɗan Mafara:
Allah shi ba ki lahiya Hajiya. Ni dai abin da nis sani, haure in ya ɓaci a hidda shi a huta. Guda ukku anka hidda min, har yau ban sake kwana da ciwo ba. Wanga kashe jijiya cin kuɗin mutane na. Ga shi kin biya can, yanzu kuma ki biya na hiddawa.

Baban Iman:
Allah ya sawwaƙe. Ni a ganina laifin likitan farko ne, ki koma masa da hoton.

Dakta Umar:
Wa alaikumus salam Maman Sadiya, sannu da jiki. Ban ga bakinki ba, amma abin da kika zayyana ya yi daidai da tsagewar saiwa: ƙurji kusa da wuyan haƙori maimakon can ƙasa wajen ƙarshen saiwa, rami siriri mai zurfi a wuri ɗaya tak, da ciwo mara ƙarfi mai zuwa yana tafiya. Ko shekara huɗun ma ta dace, don irin wannan tsagar ba ta cika bayyana a watannin farko ba, sai an ɗau shekaru ana tauna.

Baban Iman, mu bi a hankali kafin mu ɗora wa wani laifi. Bari in faɗi yadda aikin yake, sannan kowa ya auna.

Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, sai ƙashin haƙori a ƙarƙashinsa wanda muke kira dentin, sai rami a tsakiya inda jijiya da hanyoyin jini suke. Ramin yana gangarawa cikin kowace saiwa kamar zare. In ƙwayoyin cuta suka kai can, dole a buɗe haƙorin ta sama, a fitar da jijiyar, a faɗaɗa ramin da wasu ƙananan ƙarafa masu kaifi da muke kira fayil, a wanke, a cike. Kowane mataki cikin waɗannan yana cin wani abu daga jikin haƙorin, kuma dentin ɗin da aka kankare ba ya tsirowa.

Ku dubi masassaƙin turmi. In ya rarake cikin iccen sosai don turmin ya ci hatsi da yawa, bangon zai yi sirara. Ranar da aka saye shi lafiya lau yake. Amma kullum taɓarya na sauka, shekara biyu, shekara uku, wata rana sai a ga tsaga ta sauko daga baki zuwa gindi. Haka turmin baki yake. Ƙarfin cizon babban mutum a kan matauni yakan kai nauyin buhun siminti, wani ya wuce. Saiwar da aka rarake fiye da kima ba ta jure wannan har abada.

Kuma turmin ƙasa irin naki yana cikin waɗanda suka fi saurin tsagewa. Saiwarsa ta gaba ba zagayayya ba ce, a baje take, ramuka biyu ne a cikinta, kuma akwai gefen da kaurin bangon bai wuce kamar milimita ɗaya ba tun kafin a taɓa shi. Haka ma ƙananan matauni na sama, waɗanda ke bayan fiƙa. Tsagar kuma yawanci daga wajen kunci take bi zuwa wajen harshe.

Maman Sadiya:
Na gode Likita, Allah ya saka. Ke nan fayil ɗin ne ya tsaga?

Dakta Umar:
Zai iya zama yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Akwai matakin cikon ma, wanda ni na fi jin tsoronsa. Abin da muke cike ramin da shi sunansa gatafaca, ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya, likitocin haƙori na amfani da shi tun ƙarni na 19. Yana zuwa kamar ƙananan tsinke. Tsohuwar hanyar da aka koya wa yawancinmu a makaranta ita ce a sa tsinke ɗaya babba, a cusa wani ƙarfe mai tsini a gefensa a matse shi jikin bango, a zare ƙarfen, a sa ƙaramin tsinke a gurbin, a sake cusawa, har ramin ya cika. Duk wanda ya taɓa ganin mai faskare ya kafa ƙarfe a jikin kututture yana dannawa ya san abin da wannan ƙarfen zai iya yi wa saiwa mai siririn bango. In hannu ya yi nauyi, ko ƙarfen ya fi ramin kauri, ana iya jin ɗan ƙas a lokacin. Sau da yawa kuma ba a jin komai, sai dai ɗan layi ya fara daga ciki, tauna ta yi ta ƙara masa tsawo.

Sai na uku, turke. In saman haƙori ya cinye, akan rarake wani ɓangare na cikon a kafa turken ƙarfe cikin saiwa don ya riƙe ginin da za a yi a sama. Da can an ɗauka turke yana ƙara wa saiwa ƙarfi. Ba ya ƙarawa. Mai zare irin na noti, wanda ake murɗawa, shi ya fi kowanne tsaga saiwa. An sa miki turke?

Maman Sadiya:
A'a, ciko kawai aka yi a sama, fari. Har wani gefensa ya ɗan ɓalle bara.

Ɗalibin Haƙori:
Ranka ya daɗe Dakta, ni ɗalibi ne, ina da ƙari. Mun karanta cewa fayil na inji, mai juyawa da lantarki, shi ne babban mai jawo ƙananan tsagogi a saiwa. An yi bincike a wajen 2009, aka gyara ramukan haƙoran da aka riga aka cire, wasu da fayil na hannu wasu da na inji, sannan aka yanka saiwoyin gunduwa-gunduwa aka duba da madubin ƙara girma. Waɗanda aka yi da inji sun fi nuna tsaga. Ashe ke nan asibitocin da ke alfahari da inji su suka fi cutar mutane?

Dakta Rabi:
Ƙanena, karatun naka gaskiya ne amma ka tsaya a rabin labari, kuma kada ka tsorata mutane da shi. Binciken yankan gunduwa yana da rauni babba: ba wanda ya ga cikin saiwar kafin a yi aikin. In ka ga tsaga bayan ka yanka, ta yaya za ka san fayil ne ya yi ta, ko filayar da aka ciro haƙorin da ita, ko bushewar da ya yi a ajiye, ko zarton da ka yanka da shi?

A 2014 wani likita ɗan Barazil, De-Deus, da abokan aikinsa suka bi ta wata hanya. Suka ɗauki hoton cikin saiwa da na'urar sikanin mai ganin ƙananan abubuwa, ba tare da yanka ba, kafin aiki da kuma bayan aiki. Duk tsagar da suka gani bayan aiki, da suka koma hoton farko sai suka tarar tana nan tun asali. Daga baya aka gwada a haƙoran da ke zaune cikin muƙamuƙin gawa, waɗanda ba a taɓa cirewa ba, nan ma ba a ga fayil ya haifar da sabuwar tsaga ba. Shi ya sa da yawa cikin masana yanzu suke ganin yawancin tsagogin nan na ɗakin gwaji daga cirewa da ajiya suka samo asali.

Kuma kada a manta dalilin da ya sa aka koma wa fayil na nikel da taitaniyam tun ƙarshen shekarun 1980. Yana lanƙwasa ya bi saiwa yadda Allah ya halicce ta. Tsohon fayil na baƙin ƙarfe mara tsatsa, in ya yi kauri, miƙewa yake so ya yi, sai ya riƙa cin gefe ɗaya na saiwa mai lanƙwasa har ya kusa huda ta. Na sha ganin wannan a hoto.

Dakta Umar:
Dakta Rabi, ban musa miki ba kan binciken. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Cewa fayil bai tsaga saiwa nan take ba, ba ya nufin bai raunana ta ba. Fayil ɗin inji na farko-farko masu faɗin kafaɗa ne, suna cin dentin da yawa a saman saiwa, daidai inda nauyin tauna ke sauka. Na'urar sikanin za ta ce babu tsaga yau. Ba za ta gaya miki abin da zai faru bayan shekara biyar na tauna tuwon jiya da guringuntsi ba. Saiwoyin da na ciro a tsage, in na duba, kusan kullum ramin ya yi faɗin da bai kamata ba.

Dakta Rabi:
A nan bakinmu ɗaya, Yaya. Abin da na ƙi shi ne a ce inji ne mugu, hannu ne mai tsarki. Da hannu ma ana rarake saiwa ta koma kamar karan dawa da aka ƙwaƙule wa totuwa. Magana tana kan yawan abin da aka cire, ba kan wane ƙarfe aka riƙe ba.

Sai dai ni fa a batun Maman Sadiya ba saiwa nake fara kallo ba, sama nake kallo. Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba ɗora miki laifi nake ba. Turmin da aka kashe wa jijiya aka bar shi shekara huɗu ba hula, har cikon ya ɓalle, yana cikin haɗari ko da wanda ya fi kowa ƙwarewa ne ya yi aikin.

Akwai wani gwaji na 1989 da kowane ɗalibi ya kamata ya sani. An auna ƙarfin haƙori mataki-mataki. Aikin kashe jijiya gaba ɗayansa, buɗewa da faɗaɗawa da cikewa, ya rage ƙarfin da kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai. Amma ramin da ya cinye bangon gaba da na baya na haƙorin ya rage sama da kashi 60. Yawancin haƙoran da ke zuwa mana ruɓa ta riga ta cinye bangayen nan kafin mu taɓa su. To da zarar an tauna, ɓangaren kunci da na harshe sai su riƙa buɗewa suna rufewa kamar bakin almakashi, tsaga ta fara daga sama ta gangara. Hula ita ce ke ɗaure su wuri ɗaya, kamar yadda ake yi wa turmin daka ɗamarar ƙarfe a baki. A Amurka an bi bayanan haƙora kusan miliyan ɗaya da rabi da aka yi wa wannan aiki, aka wallafa a 2004: bayan shekara 8, kashi 97 cikin ɗari suna nan a bakin masu su. Cikin 'yan kaɗan ɗin da aka cire kuwa, kashi 85 ba a sa musu hula ba.

Maman Sadiya:
Ba komai Dakta, gaskiya kika faɗa. Abin da ya dame ni kawai, da an ce mini rashin hular zai iya kashe haƙorin, da ko bashi na ci na yi. Yadda aka faɗa mini, na ɗauka ado ne.

Dakta Umar:
Wannan kuwa laifinmu ne mu likitoci, kuma ina jin ciwonsa. Muna faɗin kuɗin kashe jijiya daban, mu bar maganar hula sai an gama, don kada mutum ya ji jimillar ya gudu. Kamata ya yi tun ranar farko a ce masa aikin nan kashi biyu ne, ga kuɗin duka, in ba za ka iya na biyun ba mu tattauna tun yanzu. Ko da ba hula cikakkiya ba, akwai cikon da ake yi ya rufe ƙusoshin turmin, a ɗan rage tsayinsu, ya riƙe kafin a samu hali.

Hajiya Inno:
Ni an gaya mini haƙorin da aka kashe bushewa yake yi kamar ƙirare, shi ya sa yake karyewa.

Dakta Rabi:
Inna, haka mu ma aka daɗe ana koya mana. Amma a 1992 wasu masu bincike a Ostareliya sun gwada haƙoran da aka kashe wa jijiya da takwarorinsu masu rai daga bakin mutum ɗaya, ba su samu bambancin ƙarfi na kirki ba. Ba bushewa ba ce, rashin nama ne a jikin bangon. Akwai dai wani abu da jijiya ke yi wanda ake rasawa: ita ke sa ka saki baki da sauri in ka ci karo da tsakuwa a shinkafa. Haƙorin da ba jijiya ba ya saurin yin gargaɗi, sai ka danne da ƙarfi kafin ka ankara.

Ɗan Mafara:
To kun gani? Duk maganata ce kuka maimaita da Turancin likita. Abin da za shi tsage daga baya mi ad dalilin wahala da shi?

Dakta Umar:
Malam, ba maganarka muka maimaita ba. Ka sake duba lissafin da Dakta Rabi ta kawo: 97 cikin ɗari sun zauna. Haure uku da aka fidda maka, ka duba madubi ka ga maƙwabtansu. Na baya yakan kwanto cikin giɓin, na sama ya zazzago tunda ba abin da ke tare shi, abinci ya riƙa maƙalewa, taunar duka ta koma gefe ɗaya. Sauran haƙoran su ke ɗaukar kayan waɗanda suka tafi. Akwai haƙorin da cirewa ce maganinsa, ni ma ina cirewa kullum. Amma ba kowanne ba.

Malamin Ƙaura:
Salamu alaikum likitoci. Tunda ana wannan magana bari in sa tawa. An fara mini aikin nan a Gusau, aka sa wani farin magani a ciki aka rufe da ciko na wucin gadi, aka ce in dawo bayan mako biyu. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, ga hidima, yau wata takwas ke nan ban koma ba. Ba ya ciwo ko kaɗan. Akwai matsala?

Dakta Rabi:
Akwai, Malam, don Allah ka nemi ranar da hanya ta yi daɗi ka shigo cikin makon nan ko na sama. Farin maganin nan mai yiwuwa kalsiyam haidiroksaid ne. Yana kashe ƙwayoyin cuta sosai, kuma mako ɗaya zuwa huɗu ba ya ɓata komai. Amma sinadari ne mai kaifi irin na toka, in ya daɗe watanni yana raunana zaren da ke riƙe dentin. An gwada a haƙoran tumaki a 2002, cikin shekara guda ƙarfinsu ya ragu da kusan rabi. Haƙoran da ba su gama ƙosawa ba ne, don haka na babba ba lalle ya kai haka ba, amma darasin ɗaya ne. Abin da ya fi wannan ma, cikon wucin gadi ba a yi shi don wata takwas ba. Yawu ya daɗe da samun hanya, kuma haƙorin naka a yanzu kogo ne ba abin da ke tallafe shi. Kafin ka zo, kada ka tauna komai mai tauri da gefen: aya, goriba, rake, kilishi, goro, duk ka mayar ɗaya ɓangaren.

Tunda an taɓo sinadarai, ruwan da muke wanke ramin da shi ma dangin bilic ne, irin sinadarin da ke cikin Hypo da Jik, a sirke. Ba makawa sai da shi, shi ke narkar da ragowar jijiya ya kashe cuta. Sai dai in ya yi kauri ƙwarai kuma ya daɗe, shi ma yana rage wa dentin juriya. Komai na aikin nan awo ne. Kuma kada wani ya ji haka ya ce zai ɗiga bilic a ramin haƙorinsa a gida. Na taɓa karɓar wanda ya sa ruwan batir, dasashin da kuncin duk sun ƙone.

Malamin Ƙaura:
Na gode, in sha Allah ranar Litinin zan shigo.

Baban Iman:
Ni har yanzu ban ji amsa ba. Laifin likitan ne ko ba nasa ba? Ya kamata a riƙa hukunta masu ɓata wa mutane haƙora.

Dakta Umar:
Ba wanda zai iya yanke wannan hukunci daga waya. In hoton ya nuna an rarake ramin ya wuce hankali, ko an kafa turke mai kauri a siririyar saiwa, to hannun likita ya fito fili. In ramin daidai yake, ga shekara huɗu ba hula, ga ciko ya ɓalle, to magana ta canza. Akwai ma haƙorin da ya zo da tsagarsa tun farko, ita ce ma ta kai cuta ga jijiyar, ba a dai gan ta ba. An kuma samu saiwoyin da suka tsage ba tare da an taɓa yi musu wani aiki ba, an fi ba da rahoton haka daga Taiwan da Sin, a matauni na dattawa masu tauna abu mai tauri. Wanda ke da ƙorafi na gaske, akwai hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya, tana karɓar koke. Abin da zan ƙara kawai, a tabbata wanda zai taɓa saiwar haƙori likitan haƙori ne mai rajista, don ba duk mai farar riga da kujera ba ne aka horar a kan wannan aiki.

Maman Sadiya:
Ni ba ƙara zan kai ba. Tambayata ta biyu ce ba a amsa ba, ta liƙewa. Kuma in hoto bai nuna tsagar ƙuru-ƙuru ba, ta yaya zan yarda a cire?

Dakta Umar:
Tambaya ce mai kyau, kuma kina da haƙƙin yin ta. Hoton haƙori na yau da kullum ba ya cika nuna layin tsagar ba, sai in hasken ya faɗa daidai kanta ko ɓangarorin sun rabu. Abin da muke gani shi ne inuwar ƙashin da ya zaizaye, ta taso daga ƙarshen saiwa ta hau gefenta kamar ƙugiya. Ko babban sikanin ma yakan ruɗe, don gatafaca da turke suna watsa haske su rufe wurin. In ana shakka, akan yi allurar kashe zafi a ɗan ɗaga dasashi, a shafa shuɗin rini a jikin saiwar, tsagar ta sha rinin ta fito a gani da ido. Kina iya roƙon a yi miki haka kafin a cire.

Liƙewa kuwa, an gwada: a ciro haƙorin, a manne da gam na musamman, a mayar. Sakamakon ba abin dogaro ba ne, ban ba ki shawara ba. Tsagar hanya ce da ƙwayoyin cuta ke bi daga baki zuwa ƙashi, maganin sha ba ya toshe ta, shi ya sa ƙurjin ke dawowa da kin gama kashi. Zaɓi ɗaya da ya rage, tunda turmin ƙasa saiwa biyu gare shi: in ta gaba ce kawai ta tsage, ta bayan tana da lafiya da ƙashi mai kyau, akan raba haƙorin biyu a cire rabin a bar rabin, a yi masa hula. Ki tambayi likitar ko naki ya dace. Amma kada ki ja lokaci. Duk watan da ya wuce ƙashin wajen kunci na ƙara narkewa, kuma shi za a nema gobe in kina son a dasa miki wani.

Ɗalibin Haƙori:
Dakta Rabi, to wace hanyar ciko ce ba ta matse saiwa?

Dakta Rabi:
Akwai ta tsinke ɗaya: a zaɓi gatafaca daidai girman fayil na ƙarshe, a shafe shi da siminti na musamman mai shiga lunguna, a zura ba dannawa. Ni ita na fi yi a siririyar saiwa. In kuma tsohuwar hanyar za ka bi, ɗauki ƙaramin ƙarfen da ake riƙewa da yatsu biyu, ba mai doguwar ƙota da ake damƙa da tafin hannu ba, kuma ka gwada shi a ramin tun kafin ka sa komai, ya shiga sakayau.

Dakta Umar:
Tsinke ɗaya yana da kyau a rami zagayayye. A rami mai faɗi kamar bakin kwalba da aka matse, siminti ne zai cike mafi yawan wurin, ni kuma hankalina bai gama kwanciya da hakan ba. Za mu ci gaba da wannan a wani wuri, Dakta, kada mu cika wa mutane kunne.

Maman Sadiya:
Salam 'yan uwa, na dawo da labari. Na koma ranar Alhamis na faɗa wa likitar abin da kuka ce. Ta ɗaga dasashin ta sa rinin, ta ba ni madubi na gani da idona, layi baƙi tun daga wuya har ƙasa. Ta duba maganar raba haƙorin, ta ce tsagar ta ratsa har tsakanin saiwoyin biyu, ba abin da za a ceta. An cire. Saiwar gaba gida biyu ta fito, kamar an fasa gyaɗa. Ta ce ramin ya ɗan yi faɗi ta gefe ɗaya, amma ba za ta rantse cewa shi ne sanadi ba.

Yanzu ga wata sabuwa. Ƙaramin mataunina na sama, na dama, ta ce ruɓa ta kai jijiya, shi ma sai an kashe. Gabana ya faɗi, amma na ce a yi. Na sa ta rubuta mini kuɗin aikin da na hular a takarda ɗaya. Dakta Rabi, kwana nawa ya kamata in bari tsakanin gama cikon da sa hular?

Dakta Rabi:
Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. In ba ciwo ba kumburi, kada ki wuce 'yan makonni, in ma za a iya ɗaukar awon hular a makon da aka gama ya fi. Wannan haƙorin yana cikin masu siririyar saiwa da Dakta Umar ya ambata, don haka ki tambaye ta ko za a iya yi ba turke, in kuma dole ne, a sa siriri wanda ake mannawa, ba mai murɗawa ba. Ki ce ta ɗan rage masa tsayi tun ranar farko don kada na ƙasa ya riƙa dukansa. Kuma tunda hagun yanzu da rauni, daman kuma ana aiki, sai ki lallaɓa da abinci mai laushi, kunu, fate, tuwo da miya mai yauƙi, har wurin da aka cire ya warke.